Tambayoyi da amsoshi kan awon kwanson harsashi da ware shi kashi-kashi

Assalamu alaikum 'yan uwa na Kumasi da Akra da duk inda kuke karantawa. Tambayoyin nan sun taru ne daga bakin mutane daban-daban, wani ya tare ni bayan sallah a Aboabo, wani ya turo murya ta waya daga Nima, wai sun ga Turawa a bidiyo suna ɗora kwanson harsashi a kan sikeli ɗaya bayan ɗaya suna rubuta lamba, to me suke nema? Na zauna a jihar Ohayo ta Amurka na wasu shekaru, a can na zauna da dattawan da ke wannan aikin don gasar harbi, kuma abin ya shiga raina sosai, shi ya sa nake so in amsa da kyau. Ba zan kawo yawan albarushi ko yadda ake haɗa harsashi ba, maganar kwanso kawai za mu yi.

Malam, wai menene kwanson, kuma me ake nufi da sake cika shi?

Harsashi guda abu huɗu ne a haɗe. Akwai kan da ke fita ya tafi, akwai albarushi, akwai firaima wato ɗan maɓallin nan na gindi da allurar bindiga ke bugawa ya tada wuta, sai kuma kwanso wanda ya riƙe su duka. Idan an harba, kai ya tafi, albarushi ya ƙone, kwanso ne ke faɗowa ƙasa da matacciyar firaima a gindinsa. Na raifil yawanci tagulla ce, jan ƙarfe kashi 70 da zinki kashi 30, kuma shi ne mafi tsada a cikin huɗun, shi ya sa a Amurka da Afirka ta Kudu da wasu ƙasashen Turai masu harbi ke tattara nasu su sake amfani da shi sau da yawa. Kamfanoni irin su RCBS da Lee da Hornady da Lyman kayan wannan aikin suke sayarwa.

A nan Gana an yarda mutum ya yi?

Wannan tambayar na sa ta a gaba da gangan. A'a, mutum ba ya tashi haka kawai ya fara cika harsashi a ɗakinsa a ƙasar nan. Dokar makamai da harsasai ta 1972, wadda ake kira NRCD 9, ta hana ƙera makami ko harsashi sai da izinin hukuma a rubuce, kuma riƙe harsashi ba bisa ƙa'ida ba babban laifi ne a dokar laifuka ta 1960. Lasisin bindigar farauta da 'yan sanda ke bayarwa, wanda ake sabuntawa duk shekara, izinin riƙe bindigar ne da sayen harsashinta a wajen dillali mai lasisi, bai ba ka izinin ƙerawa ba. Akwai kuma hukumar kula da ƙananan makamai da aka kafa da doka ta 736 a 2007. Don haka dan Allah, musamman ku samari, ku ɗauki wannan a matsayin ilimi na sanin yadda abu ke aiki, da kuma amfani ga wanda ke zaune a ƙasar da aka yarda. Zango ya ishe mu da baƙin suna, bana son wani ya ƙara mana saboda sha'awa.

To me ya sa suke auna kwanson tun farko?

Abin da suke bi shi ne filin da ke cikin kwanson. Idan aka harba, kwanso yana kumbura ya manne da bangon ɗakin harsashi na bindigar, wato daga waje duk girmansu ɗaya ya zama kenan, to idan ɗaya ya fi ɗaya nauyi, tunanin shi ne bangonsa ya fi kauri, in bango ya yi kauri kuwa filin ciki ya ragu. Ku duba olonka biyu a kasuwar Kejetiya, daga waje iri ɗaya, amma wadda aka buga gindinta ya shiga ciki ba za ta ɗauki gari kamar ɗayar ba. Albarushi iri ɗaya a fili ƙarami yana tada matsi fiye da a fili babba, matsi ya canza gudun harsashi ya canza, gudu ya canza kuma a nesa harsashi ɗaya zai sauka sama ɗaya ƙasa. Mai gasa yana so harbinsa ashirin su fita da gudu kusan ɗaya, shikenan dalilin.

Menene giren ɗin nan da nake ji suna faɗa?

Ma'auni ne ƙarami. Giren ɗaya miligiram 64.8 ne, giram ɗaya kusan giren 15.4, fam ɗaya na Turawa kuma giren 7,000. Kowane girman harsashi da sunansa, kwanson wanda ake kira .223 Remington yana kaiwa wajen giren 90 zuwa 100, na .308 Winchester kuma tsakanin wajen 155 zuwa 180 gwargwadon kamfanin da ya yi shi.

Kenan idan nauyi ya zo ɗaya, cikin ma ɗaya ne?

A nan ne maganar take, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata lokacinsu. Amsar ita ce ba kullum ba.

Mu yi lissafi tare. Tagulla ta fi ruwa nauyi kusan sau takwas da rabi. Wato sai an ƙara giren 8.5 na tagulla a jikin kwanso kafin filin da zai ɗauki giren ɗaya na ruwa ya ragu. Kwanson .308 yana ɗaukar ruwa wajen giren 56. Idan ka samu biyu da bambancin giren 2 a nauyi, ko da a ce duk ƙarin a bangon ciki yake, filin da ya ragu bai kai rubu'in giren na ruwa ba, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari kenan. Kaga mutumin da ya kwana yana ware kwanso a kan bambancin giren 0.2, abin da yake bi ya yi ƙanƙantar da iskar da ta kaɗa a fili ma ta fi shi tasiri.

Sannan kuma ba duk nauyin ke cikin bango ba. Ɗauki kwanso ka juya shi ka kalli gindinsa da kyau, akwai wani kwari da aka yanka a zagaye inda ƙugiyar bindiga ke kamawa ta fizgo shi, akwai baki-bakin gindin, akwai ramin da firaima ke zama. Injin da ke yanka kwarin nan in ya ɗan zurfafa a kan ɗaya ya ɗan rage a kan wani, nauyi ya bambanta alhali cikin bai canza ko kaɗan ba. Haka nan za ka iya samun biyu da sikeli ya ce daidai suke amma ruwa ya nuna ɗaya ya fi ɗaukar kaya. Shi ya sa a cikin kwanso na kamfani ɗaya kuma na bugu ɗaya, wato waɗanda aka ƙera tare a lokaci guda, dangantakar nauyi da fili wani lokaci tana da ƙarfi, wani lokaci kusan babu.

Inda nauyi ke faɗin gaskiya sosai shi ne tsakanin kamfani da kamfani. Bambancin giren 20 tsakanin kwanso mai sirara da mai kauri ya haura giren 2 na ruwa, wajen kashi 4 cikin ɗari, wannan kuwa ba wasa ba ne, ya isa ya ɗaga matsi daga inda ake lafiya zuwa inda ake tsoro. Ƙungiyar SAAMI ta masu ƙera bindigogi da harsasai a Amurka ta sa iyakar matsin .308 a fam 62,000 a kan kowane inci murabba'i, kuma duk wannan abin yana faruwa ne tazarar ɗan yatsa kaɗan daga idon mai harbi. Ni a ganina sikeli kayan kama baƙo ne a cikin tari, wanda ya fita daban da 'yan uwansa, can ya fi amfani.

Yaya ake awon ruwan?

Ana ɗaukar kwanson da aka riga aka harba a bindigar, ba a matse shi ya koma girmansa na asali ba tukuna, tsohuwar firaimar da ta mutu tana nan a gindi don ta toshe ramin. A auna shi babu komai a rubuta. Sai a cika shi da ruwa da sirinji a hankali daga ƙasa don kar kumfa ta maƙale a kafaɗa, wato inda kwanson ke tsukewa zuwa wuya, wasu na ɗiga sabulun wanke kwano kaɗan a ruwan don kar ya yi tozo a baki, a goge ɗigon da ya zuba a jiki, a sake aunawa. Bambancin shi ne filin. Dole tsawonsu ya zama ɗaya kafin nan, in ba haka ba mai dogon wuya zai nuna kamar ya fi fili. Aiki ne mai cin lokaci wallahi, kuma bayan an gama sai an shanya su sun bushe ƙarau, shi ya sa yawanci ba kowane kwanso ake yi wa ba, ana ɗiban biyar ko goma daga kowane tari ne a gani.

Yaya, rubutun da ke gindin kwanso fa, me yake nufi?

Wannan tambarin ya fi sikeli muhimmanci nesa ba kusa ba, kuma karanta shi kyauta ne. Na kasuwa yana ɗauke da sunan kamfani da girman harsashin. FC na Federal ne, R-P na Remington, S&B na Sellier & Bellot a ƙasar Cek, PPU na Prvi Partizan a Sabiya, CBC na Burazil, PMP na Afirka ta Kudu. Lapua ta Finlan da Norma ta Suwidin su ne masu gasa suka fi yabo saboda kwansonsu na zuwa kusa da juna tun daga kwali. Na soja kuma sau da yawa ba ya rubuta girma, sai haruffan masana'anta da lamba biyu na shekara, misali LC da 09 na nufin masana'antar Lake City da ke jihar Mizuri, shekarar 2009. In ka ga ɗan da'ira da gicciye a ciki, alamar NATO ce.

Tsarin da dattawan can ke bi, kuma na gamsu da shi, shi ne a fara warewa da girma, sannan kamfani, sannan shekara ko lambar bugu in an sani, sannan sau nawa aka harba kowanne. Sai bayan duk wannan in mutum yana da sauran ƙarfi ya jawo sikeli. Wanda ya zuba Federal da Lapua da Lake City a kwano ɗaya ya ce zai daidaita su da nauyi, ya fara daga wutsiya, domin ko nauyin ya haɗu taurin tagullar da kaurin wuyan da siffar cikin gindin ba ɗaya ba ne.

Kuma a kula da masu kama da juna. .308 da .243 Winchester da 7mm-08 gindinsu ɗaya, jikinsu kusan ɗaya, wuya ne ya bambanta. .270 da .30-06 ma haka. A bindigar hannu .380 na ɓuya a cikin tarin 9mm, sai ka tsayar da su a tebur ka ga ɗaya ya gaza da milimita biyu. Wani lokaci ma tambarin kansa ba ya faɗin gaskiya don wani ya riga ya matse wuyan ya mai da shi wani girma, shi ya sa kwanson da ba ka san tarihinsa ba sai an gwada shi da baniya, wato ƙarfen auna tsawo da faɗi.

Da gaske ne kwanson soja ya fi kauri?

A 7.62x51 na NATO, takwaran .308 na soja, wanda aka amince da shi a 1954 bayan .308 Winchester ta fito kasuwa a 1952, eh yawanci haka ne, ya fi nauyi kuma filinsa ya fi ƙanƙanta, littattafan aikin ma suna gargaɗi a kai. Amma mutane sun ɗauki wannan suka shafa wa 5.56 na soja da takwaransa .223 na kasuwa, alhali a can sau da yawa na Lake City ba ya fin na kasuwa kauri, wani lokaci ma ya fi su fili. Ga wurin da awon ruwa ke raba gardama. Wani abu kuma, na soja ana danne bakin ramin firaimarsa don kar ta fita a bindiga mai sarrafa kanta, za ka ga zobe ko ɗigo uku a zagaye, wannan ma dalili ne na ware shi gefe guda.

Na leƙa cikin wani na ga rami biyu, wani kuma ɗaya. Lalacewa ce?

Ba lalacewa ba ce, tsari biyu ne. Mai rami ɗaya a tsakiya shi ne Boxer, sunan wani hafsan Ingila Edward Boxer, mai ƙananan ramuka biyu a gefe kuma Berdan, sunan Ba'amurke Hiram Berdan, duka tun shekarun 1860. Masu sake cikawa Boxer suke nema don allurar cire firaima na bi ta ramin tsakiyar, in ta haɗu da Berdan karyewa take yi. Haska tocilan waya a ciki za ka gani. Sannan a bi tarin da maganaɗisu, duk wanda ya manne ƙarfe ne ko da an shafa masa ruwan jan ƙarfe ya yi kama da tagulla, irin na 7.62x39 da yawa haka suke. Akwai na alminiyom ma masu launin toka marasa nauyi. Waɗannan biyun, na ƙarfe da na alminiyom, ba a sake amfani da su.

Da an tsinto sai a ɗora a sikeli?

A'a. Datti da toka da ƙasar da ta shige ciki suna da nauyi, tsohuwar firaima ma tana da nata 'yan giren. Sai an wanke, an cire firaima, an daidaita tsawo, misali .308 iyakarsa inci 2.015 wato milimita 51.18, an share bakin, tukuna awon ke da ma'ana. Sabon kwanso daga kwali shi ya fi daɗin aunawa.

Wane irin sikeli? Na masu zinari zai yi?

Na masu zinari da ke nuna giram 0.01 zai yi don wannan aikin, tunda 0.01 na giram wajen giren 0.15 ne, kuma mun riga mun ga kwanso ba ya buƙatar fiye da haka. Sikelin da kamfanonin kayan harbi ke sayarwa yawanci giren 0.1 yake nunawa. Masu kuɗi na sayen irin na ɗakin bincike kamar A&D FX-120i mai nuna miligiram ɗaya, amma wannan don wani aikin suka saya, a kan kwanso ɓarnar kuɗi ce.

Abin da ya fi tsadar sikelin muhimmanci shi ne inda aka ajiye shi. Fanka na kaɗawa a sama lamba ba za ta tsaya ba, za ka ga tana rawa 172.3, 172.6, 172.1, ka kashe fanka ka rufe taga ta nutsu. Waya a kusa da shi na iya rikita shi, tebur mai girgiɗi haka, wutar da ke sama da ƙasa ko ta janareta lokacin dumso ma haka, gara mai batir. A kunna shi ya ɗan jima kafin a fara, a gwada shi da dutsen gwajin da ya zo da shi, kuma a ware kwanso ɗaya a riƙa mayar da shi kan sikelin bayan kowane ashirin ko talatin, in lambarsa ta canza to sikelin ne ya zame ba kwanson ba.

Tazarar giren nawa ake bari a kashi ɗaya?

Babu doka a kai, kowa da ra'ayinsa. Wasu na cewa kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin kwanson, wato wajen giren ɗaya a .223, giren ɗaya da rabi zuwa biyu a .308. Hanyar da na fi so ita ce a shimfiɗa takarda doguwa a ja layuka da tazarar rabin giren, a auna kowanne a tsayar da shi a layinsa. Kana gamawa da ɗari za ka ga sun taru a tsakiya sun yi tudu, 'yan kaɗan sun watse a gefe biyu. Na tsakiyar su ne na gasa, na gefen a bar su don gwaji da ɗumama bindiga. Wanda ya fita can nesa shi kaɗai, a ɗauke shi a sake karanta tambarinsa a leƙa cikinsa, sau da yawa baƙo ne ya shigo ko akwai abin da ya maƙale a ciki.

Tsakani da Allah, yana canza wani abu a wajen harbi?

Ya danganta da nisa da kuma wanda ke riƙe da bindigar. Masu gasar F-Class, wadda ta samo suna daga wani ɗan Kanada George Farquharson, suna harbi har yadi 1,000, mita 914 kenan, kuma da'irar tsakiyar allonsu inci biyar ce kacal. A irin wannan nisan, ɗan bambancin gudu na mayar da maki goma ya zama tara, don haka in sun auna kwanso ba zan ce musu komai ba, duk da cewa a cikinsu ma akwai gwanaye da suka daina, suna cewa sayen kwanso mai kyau na bugu ɗaya ya wadatar. Masu harbi daga kan benci a yadi 100 da 200 da harsashin 6mm PPC, da yawansu 'yan kwanso kaɗan suke juyawa duk ranar gasa. A Camp Perry da ke Ohayo, inda ake gasar ƙasa tun 1907, abin da za ka ji dattawa na nanatawa shi ne karatun iska.

Ga maharbin da ke bin nama a mita 80 ko 100 kuwa, babu abin da zai gani. Kuma a jerin abubuwan da ke daidaita gudu, daidaiton albarushi da yadda wuyan kwanso ke riƙe kan harsashi da ingancin kan da kansa duk sun sha gaban nauyin kwanso. Wanda yake son ya tabbatar, na'urar auna gudun harsashi ce alƙali, ya harba kashin da ya ware da wanda bai ware ba, amma ya harba da yawa, uku ko biyar ba sa nuna komai.

Wane kwanso ne ake jefarwa ko da nauyinsa ya yi daidai?

Wannan ya fi duk abin da na faɗa a sama muhimmanci, domin awo don maki ne, dubawa kuwa don ido da yatsu. Mai tsaga a wuya ko kafaɗa ya tafi. Wanda ramin firaimarsa ya saki ya tafi, alama ce matsi ya taɓa buɗe gindin. Mai kumburi a gefe ɗaya, mai lotsewa mai zurfi, mai tabon hoda-hoda ja inda zinki ya zube ya bar jan ƙarfe, duk su tafi.

Mafi haɗari shi ne wanda ke shirin rabuwa biyu. Duk harbi kwanso na miƙewa gaba kaɗan, kuma tagullar da ke tafiya gaba daga kusa da gindi take fitowa, wurin na sirancewa a hankali. Daga waje za ka ga wani siririn zobe mai haske ya zagaye shi kamar faɗin ɗan yatsa sama da gindi. Ana miƙe ƙaramar waya irin ta maƙale takarda a lanƙwasa bakinta kaɗan, a zura ta har ƙasa a jawo ta a jikin bango, in akwai kwari a ciki za ka ji ta ɗan faɗa ta kama, yatsanka zai ji tun kafin ido ya gani. Irin wannan in ya tsinke a cikin bindiga, iska mai zafi baya take dawowa wajen fuska. Sikeli ba zai taɓa nuna maka shi ba don nauyinsa bai canza ba. A murƙushe bakinsa da filaya kafin a jefar don kar wani ya tsinta.

Kwansona sun yi baƙi-baƙi da kore saboda damshi, in goge da Brasso?

Kar a yi. Brasso na da amoniya, amoniya kuwa na sa tagullar da aka matsa ta tsage da kanta. Sojojin Ingila sun gamu da wannan a Indiya, harsasan da suka ajiye a bargar dawaki lokacin damina suka riƙa tsagewa a wuya, daga baya aka gano amoniyar fitsarin dawakin ce da damshi. To mu da muke ajiye kaya kusa da garken tumaki da akurkin kaji a cikin gida, ga damshin Kumasi, ga iskar gishiri ta bakin teku a Akra, wannan gargaɗin namu ne, har ga mai lasisi da ke ajiye harsashin da ya saya. Akwati mai rufi da kyau, wuri busasshe, sama da ƙasa, nesa da yara. Baƙin da bai ci jiki ba launi ne kawai, kore mai ɓarɓashi shi ne matsala.

Ɗana, mu masu singil barel da dobul barel, wannan ya shafe mu?

Baba, awon bai shafe ku ba. Kwanson bindigar farauta roba ce da ɗan ƙarfe a gindi, ko a ƙasashen da ake sake cika shi ba a auna shi, da kamfani da siffar ciki ake ware shi. Amma warewa ta shafe ku ta wata hanya mai muhimmanci. Na farko tsawo, akwai milimita 70 akwai 76, kuma tsawon da aka rubuta na bayan an harba ne baki ya buɗe, shi ya sa mai 76 zai shiga bindigar 70 lafiya lau kamar nata, sai an harba bakin ya rasa wurin buɗewa matsi ya hau. A duba abin da aka buga a jikin bututun bindigar. Na biyu, kar a taɓa haɗa harsashin lamba 20, wanda ya fi siriri, da na lamba 12 a jaka ɗaya ko aljihu ɗaya. Na 20 in ya shiga bindigar 12 zamewa yake ya wuce ciki ya maƙale, mutum ya ga kamar bai sa komai ba ya ƙara na 12 a bayansa, bututu ya fashe a hannu. Saboda haka ne kamfanoni da yawa ke yin na 20 da launin rawaya. Wanda robarsa ta kumbura ko gindinsa ya yi tsatsa kuma a bar shi. Sannan Baba a tuna lokacin rufe farauta, daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba.

Mu 'yan kwandem muna samun su a cikin kaya, me za mu yi?

Ku ne kuka fi kowa haɗuwa da su a nan, a Suwame da sauran wuraren tara ƙarfe, kuma na san tagulla na da kuɗi, maƙeran Krofrom ma da tsohuwar tagulla suke zuba kayansu. Abu na farko ku kalli gindi. In firaimar na da ɗan rami a tsakiya inda allura ta buga kuma baki a buɗe yake babu komai ciki, ya mutu. In gindin sumul yake babu bugu, to firaimar na da rai ko da babu kai a samansa, kuma in ta shiga wuta ko ta sha guduma za ta tashi. Wanda ke da kansa a haɗe kuwa harsashi ne cikakke ko ya shekara nawa a ƙasa, ko da an buga gindin bai tashi ba. Kar a sa shi a wuta, kar a sare shi, kar a ba yaro ya yi wasa da shi, kar kuma a ɓoye. A sanar da shugaban wurin a kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa. Haka in kuka ga kwanso da yawa a zube wuri ɗaya a unguwa, a bar su inda suke, domin shatin da ke jikinsu shi masu bincike ke bi su gane bindigar da ta harba.

Akwai illa ga lafiya a taɓa su?

Akwai. Yawancin firaima na da sinadarin dalma, kuma baƙar ƙurar da ke cikin kwanson da aka harba na ɗauke da ita. Ba ta nuna illa nan take, taruwa take a jiki, yara ƙanana da mata masu ciki ta fi yi wa ɓarna. A wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci ko a ɓare goro, kar a yi aikin a inda ake girki, kar a wanke su a kwanon da ake ci, ruwan wankin kuma a zubar nesa da rijiya. 'Yan kwandem masu ware su da hannu duk yini su sa safar hannu, in ana zazzage buhun da ƙura ke tashi a rufe hanci.